Launin kare ba ya kama zomo

A bazarar bara na je Malam Madori gaishe da kawuna, sai na tarar maganar da ta cika majalisarsu ba ta siyasa ba ce, ba kuma ta tsadar taki ba. Maganar wata karya ce da ta haihu.

Mai karyar maƙwabcin kawuna ne, manomi ne da yake fita farauta idan rani ya yi. Karyarsa baƙa ce wuluk. Da lokacin barbararta ya zo, sai ya ɗaure ta a gida, ya tafi wani ƙauye ya aro wani baƙin kare da ya yi suna wajen kamun zomo, bisa alkawarin zai ba mai karen kwikwiyo ɗaya. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki ta haifi bakwai. Biyar baƙaƙe, biyu jajaye.

Nan take ya yanke hukunci. Ya ce ɗansa, yaro ɗan shekara 12 da aka ɗora wa kula da karyar, shi ne ya kwance ta har wani karen unguwa ya same ta. Yaro ya yi ta rantsuwa, amma bai tsira daga duka ba. Jajayen biyu kuma aka kai su bola tun ba su buɗe ido ba.

A majalisar akwai wani dattijon maharbi da tsufa ya hana shi shiga daji. Shi ne ya dube shi ya ce, "Ka yi gaggawa, ɗan nan. Ni na san kakar karyar nan taka, ja ce kamar manja. Jini ba ya ɓata, kwanciya yake yi."

Mai karyar ya ce, "Haba Baba, baƙi da baƙi su haifi ja?"

Dattijon nan bai taɓa shiga aji ba, amma abin da ya faɗa shi ne ake koyarwa a jami'a. Ra'ayina a wannan rubutu shi ne: launin kare yana bin wata ƙa'ida ce sananniya wadda ba ta da wuyar ganewa, kuma ba ya gaya maka komai game da hancin kare, ko gudunsa, ko zuciyarsa. Duk wanda yake zaɓen kare da launi, ko yake zubar da shi saboda launi, asara yake jawo wa kansa.

Yadda baƙi da baƙi ke haifar ja

Kowane ɗan kwikwiyo yana karɓar ƙwayoyin gado bibbiyu a kan kowace siffa ta jikinsa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, ko ita kaɗai ce sai ta bayyana. Wata kuma mai laɓewa ce, ba ta fitowa sai ta haɗu da 'yar uwarta irinta.

Mu a ƙasar Hausa mun riga mun san wannan darasi, kuma da hawaye muka koye shi. Mace mai jinin AS da namiji mai jinin AS, duka lafiyarsu ƙalau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu su haifi mai sikila. Babu wanda ya ci amanar wani. Abin da yake kwance a jikin kowannensu ne ya haɗu a jikin ɗa. Shi ya sa ake gwajin jini kafin aure.

Haka launin kare yake. A yawancin baƙaƙen karnuka, baƙi ne mai rinjaye. Kare zai iya zama baƙi ƙirin a ido alhali yana ɗauke da ja a ɓoye wanda ya gada daga kakarsa. Idan ya haɗu da karya mai irin wannan ɓoyon, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu zai fito ja. Biyu cikin bakwai ke nan ba abin mamaki ba ne. Gregor Mendel ya wallafa wannan lissafi tun 1866, bayan ya shafe shekaru yana barbarar wake a lambu yana ƙirga abin da ya fito.

Gaskiya ne cewa karya tana iya ɗaukar ciki ɗaya daga karnuka biyu ko fiye, idan sun same ta a kwanakin nan. Wannan yana faruwa. Amma fitowar jan kwikwiyo daga baƙaƙen iyaye ba hujja ba ce cewa hakan ya faru, balle ta zama hujjar dukan yaro.

Misali mafi sauƙi: karen Labrador

Karnukanmu na gida suna da launi iri-iri, ja da fari da baƙi da ruwan toka da dabbare-dabbare, domin ƙwayoyin da ke juya launinsu suna da yawa. Wanda aka fi saurin gane ƙa'idar a jikinsa shi ne karen Turawa da ake kira Labrador, saboda masu kiwonsa sun fi shekara ɗari suna rubuta wane ya haifi wane.

Launinsa uku ne: baƙi, da ruwan ƙasa, da rawaya. Ƙwayoyi biyu ne suke raba wannan aiki, kuma wanda ya taɓa leƙa marina zai gane su. Ta farko ita ce ke zaɓar wane rini za a haɗa, baƙi ko ruwan ƙasa, kuma baƙin ne ke rinjaye. Ta biyu ita ce ke yanke ko za a tsoma yadin cikin rinin ko ba za a tsoma ba. Idan kwikwiyo ya gaji "kada a tsoma" daga uwa da uba duka, gashinsa rawaya zai fito, ko da wane rini aka haɗa masa. Sai dai ka duba hancinsa ka gane: in hancin baƙi ne, baƙin rini yake ɗauke da shi, in kuwa mai haske ne kamar hanta, ruwan ƙasa ne.

Daga nan lissafin ya fito fili. Baƙaƙe biyu da kowannensu ke ɓoye da sauran launukan, a cikin 'ya'ya 16 ana sa ran 9 baƙaƙe, 4 rawaya, 3 ruwan ƙasa. Rawaya biyu ba sa haifar komai sai rawaya. Masu ruwan ƙasa biyu za su iya haifar rawaya, amma ba za su haifi baƙi ba. Abin da ya fi ba mutane mamaki, rawaya da ruwan ƙasa za su iya haifar baƙi, launin da babu shi a jikin uwa ko uba. A nan sai a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, alhali kuwa ta yi, ido ne bai ga ruwan ba.

Turawan ma sun yi irin kuskuren maƙwabcin kawuna. A farkon kiwon Labrador baƙi kawai suke so, waɗanda suka fito da wani launi sau da yawa kashe su ake yi ko a kyautar. Sai a 1899 aka haifi na farko mai launin rawaya da aka yarda aka rubuta sunansa, Ben of Hyde.

Akwai wani labarin da ya fi wannan. A 1865 wani basaraken Birtaniya, wanda daga baya aka sani da Lord Tweedmouth, ya sayi wani kare mai suna Nous a garin Brighton, shi kaɗai ne rawaya a cikin 'yan uwansa baƙaƙe. A 1868 ya haɗa shi da wata karyar ruwa mai suna Belle a gidan gonarsa da ke Sikotland. Daga wannan haihuwa aka samu tushen Golden Retriever, ɗaya daga cikin karnukan da aka fi nema a duniya a yau. Da a ce Nous a bola ya ƙare, da babu su.

Aiki ne ya raba su, ba launi ba

Labrador da Golden suna cikin dangin karnuka guda shida da Turawa suka ware domin aiki ɗaya: maharbi ya harbo tsuntsu, kare ya shiga ruwa ko ciyawa ya ɗauko masa ba tare da ya tattauna naman ba. Ba su ne ke korar dabba su kama ba kamar namu. Nasu shi ne jira, da lura da inda tsuntsu ya faɗi, da laushin baki.

Kowanne kuma wurin da ya fito ne ya ƙera shi. Kakannin Labrador karnukan masunta ne a tsibirin Newfoundland da ke Kanada, suna taya jan igiya da taru a cikin ruwa mai tsananin sanyi. Shi ya sa gashinsa gajere ne amma ninki biyu, ruwa ba ya ratsa shi da wuri, wutsiyarsa kuma mai kauri ce tana taimaka masa wajen iyo. Nauyinsa yakan kai kilo 25 zuwa 36. Golden yana da dogon gashi, da sanyin hali da son mutane. Na Chesapeake ɗan Amurka ne, gashinsa mai maiƙo ne don ya jure ruwan ƙanƙara, ya kuma fi sauran taurin kai da tsaron kayan ubangijinsa. Na Nova Scotia shi ne ƙaraminsu, ja ne, aikinsa ya yi ta wasa a bakin ruwa har agwagin daji su matso kallo su shigo inda harsashi zai kai. Sauran biyun, ɗaya mai kwantaccen gashi ne, ɗaya mai nannaɗaɗɗen gashi kamar na tunkiya.

Abin lura shi ne, baƙin Labrador da rawayan Labrador kare ɗaya ne, aikinsu ɗaya. Amma rawayan Labrador da Golden, duk da kamanninsu a hoto, iri biyu ne daban. Wato launi ɗaya bai sa sun zama ɗaya ba, launi daban kuma bai raba 'yan uwa ba.

Za su iya fadamar Haɗeja?

Wannan tambaya ta taso ne domin yanzu samari a Kano da Dutse da Haɗeja suna ganin hotunan waɗannan karnuka a Facebook da TikTok, suna tura kuɗi a kawo musu daga Jos ko Abuja ko Legas. Wani zai ce ai mu ma ƙasar ruwa ce, ga kogi ga fadama ga dinya da kirinjijiya, karen ruwa ya dace da mu.

Ni ban ga haka ba. Kare ba ya zufa a jiki kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Karen da aka ƙera masa riga biyu domin sanyin Kanada, ka kawo shi inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce maki 40, ka ɗora masa wahala. Dogon gashin Golden kuwa gayya ce ga ƙarangiya da kaska. Dukansu biyu an san su da ciwon ƙugu na gado, Golden kuma an san shi da yawan kamuwa da ciwon daji. Ba su da zafin rai, don haka wanda ya saye su don gadi ya sayi mai yi wa ɓarawo maraba. Ga cin abinci, a lokacin da magidanci ke auna kwanon gero.

Ban da wannan, tsuntsayen da ke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru da hunturu, wasunsu daga Turai suke tasowa, kuma dajin Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kiri Kasamma wuri ne da doka ta keɓe, wanda tun 2008 yake cikin jerin dausayi masu muhimmanci na duniya. Ba ƙarin masu harbin agwagwa yankin yake buƙata ba.

Karenmu na gida fa? Siriri, gajeren gashi, dogayen ƙafafu, yana wuni a guje a kan tsidau da rairayi mai zafi, ya koma gida ya ci ɗumamen tuwo. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan ƙwayoyin gadon karnukan gida na Najeriya ya gano alamun cewa jikinsu ya saba da yaƙar cututtukan ƙasashe masu zafi. Wannan gado ne da ba a saye da kuɗi, kuma babu ruwansa da ja ko baƙi.

Abin da bin launi ke jawowa

Wani zai ce, to mene ne laifi idan ina son baƙi na zaɓi baƙi? Babu laifi a sha'awa. Laifin yana zuwa ne idan launi ya zama shi ne ma'auni wajen barbara.

A 2018 masana daga Jami'ar Sydney da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan suka duba bayanan asibiti na Labrador fiye da 33,000 a Birtaniya. Suka tarar masu ruwan ƙasa suna rayuwa kimanin shekara 10.7, sauran kuma shekara 12.1. Ciwon kunne da na fata ma sun fi kama masu ruwan ƙasan. Masanan ba su ce launin ne ke kashe su ba. Abin da suka yi hasashe shi ne, tunda launin mai laɓewa ne kuma kasuwa na son sa, masu kiwo suna ta juya 'yan tsirarun karnuka a tsakaninsu don su same shi, sai cututtukan gado suka taru.

Akwai inda launin kansa ke tafe da cuta. Karnuka masu wani irin zane mai hatsi-hatsi da Turawa ke kira merle, idan aka haɗa biyu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan suna cikin haɗarin kurumta ko makanta.

Mu ma muna yin irin wannan ba tare da mun ankara ba. Mafarauci ya samu baƙar karya mai kyau, sai ya haɗa ta da ɗanta ko ɗan uwanta don kada launin ya gurɓace. Launin zai tsaya, amma bayan haihuwa biyu ko uku sai ka ga 'ya'yan suna raguwa, suna mutuwa da ƙuruciya, sai a ce baki ne ko sammu.

Inda masu ja da ni suke da gaskiya

Makiyayi zai ce mini, ai mu da launi muke gane iri. Tunkiyar Uda gabanta baƙi ko ja, bayanta fari. Balami fari ne tas. Ga jar akuyar Sakkwato da Maraɗi da fatarta ta yi suna har Turai, ga farar saniya Bunaji da ja Rahaji. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Maigatari ya san haka ake ciniki.

Gaskiya ne. Amma launin ya zama alama ne saboda makiyaya sun tsare zuriyar shekaru aru-aru, suna zaɓen mai nono da mai girma da mai jure tafiya, launin ya biyo baya kamar tambari. Tambari kuwa ana iya buga shi a kan buhun da ba shi ba. Gogaggen dillali ba ya tsayawa a launi, sai ya buɗe baki ya ga haƙori, ya taɓa gadon baya. A karnukanmu na gida ma babu wanda ya tsare zuriya bisa launi, don haka tambarin ba ya nuna komai.

Sai batun addini, wanda ba a raba shi da maganar kare a ƙasar nan. Hadisi ya yi izinin riƙe kare domin farauta da kiwo da gona. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta ɗora halaccin abin da kare ya kamo a kan koyarwar da aka yi masa da ambaton sunan Allah. Akwai hadisan da suka yi magana a kan baƙin kare, kuma a kansu ne Imam Ahmad ya hana cin abin da baƙi wuluk ya kamo, yayin da Imam Malik da Shafi'i da Abu Hanifa suka halatta. Wannan fage ne na malamai, a tambaye su. Abin da na sani shi ne babu mazhabar da ta ce a jefar da jinjirin dabba a bola ya mutu da ƙishi saboda launin gashinsa.

Me ya kamata a duba?

Wanda zai karɓi kwikwiyo ya je ya ga uwar da idonsa, in da hali ya ga uban. Ya tambayi mafarautan da suka fita da su, ba mai sayarwa ba. Ya duba ido da kunne da fata da tafiya. Kada a raba shi da nono kafin mako takwas. Kada a haɗa uwa da ɗa ko wa da ƙanwa don tsare launi. Wanda zai tura kuɗi saboda hoton waya ya tuna cewa "launi na musamman" sau da yawa sunan ƙarin farashi ne kawai.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci kuma ita ce wadda ba a cika yi ba: an yi masa allurar haukan kare? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Ana yi wa kwikwiyo allurar tun yana wata uku, a riƙa maimaitawa, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana sarrafa ta a nan gida. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki, cutar tana yankewa. Wanda kare ya ciza kuma ya wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, ya garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya neman gashin karen a ƙona.

Ina kira ga ƙananan hukumomin masarautar Haɗeja da likitocin dabbobi na jiha su bi ta hannun sarakunan baka da ƙungiyoyin mafarauta, domin su ne suka san gidan da kowane kare yake. Ɗaliban aikin gona na Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗeja da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa kuma ga aiki a ƙofar gidansu: su zauna da irin dattijon nan su rubuta zuriyar karnukan farautar yankin, wace ta haifi wane, wanne ne ya yi aiki, wace cuta ce ke kashe su. Littafin da Lord Tweedmouth ya riƙa rubutawa da hannunsa shi ne ya tabbatar da asalin Golden bayan an fito da shi a 1952. Namu littafin yana cikin kan tsofaffi, kuma kullum ana binne shafi.

Da na koma Malam Madori bayan sallar layya na tambayi labarin jajayen nan. Ɗaya ya mutu a bolar. Ɗayan wani yaron Fulani ya tsince shi, yanzu yana bin tumaki. Cikin baƙaƙen biyar, biyu sun mutu tun suna ƙanana, ɗaya an ba mai karen, biyu suna nan, kuma an ce ɗayansu ko ƙadangare ba ya kora. Ban ji cewa uban ya ba ɗansa haƙuri ba, iyayenmu ba su saba da wannan ba. Amma kawuna ya ce mini da karyar ta sake haihuwa aka samu ja a ciki, babu wanda ya taɓa yaron, babu kuma wanda ya nufi bola.